Ginin 'yan kasuwa a Kano: me kake saya, kuma yaya za ka taya?

Duk wanda ya zaga Ɗanbare, Rijiyar Zaki, Jaba, Farawa ko bayan Mariri a 'yan shekarun nan ya san irin gidajen da muke magana a kai. Sabo fil, fenti fari da ruwan toka, baƙin get, tsakar gida an shimfiɗa intalok, lambar waya a rubuce da alli ko fenti a jikin katanga. Su ne ake kira ginin 'yan kasuwa: mutum ya sayi fili, ya gina, ya ƙawata, ya sa a kasuwa, ya juya kuɗin zuwa wani filin. A gefe guda kuma akwai kamfanonin da ke gina rukunin gidaje iri ɗaya a cikin katanga ɗaya, suna sayarwa kuɗi hannu ko biya kaɗan-kaɗan. Wannan sana'a ce muke yi wa bita, da kyawunta da aibinta, da kuma inda mai saye yake da bakin magana idan an zauna ciniki.

Mu fara da abin da ya cancanci yabo, domin akwai shi. Wanda ya taɓa tsayawa a kan gini ya san ciwon kan da ke ciki: magini ya karɓi kuɗi ya tafi wani aikin, siminti ya yi ƙafa, kafinta ya ɓata katako, farashin da aka yi lissafi da shi a watan Janairu ya zama tarihi kafin Afrilu. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira ga kasuwa da ya biyo baya, buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, kuma mutane da yawa da suka fara gini da kansu sun tsaya a linta. Mai gina-sayarwa yana ɗauke maka duk wannan. Ka ga gida, ka biya, ka tare cikin mako biyu. Ga ma'aikacin da ba shi da lokacin zama a wajen gini, ko wanda ke zaune a Legas ko Jidda yana son ajiye iyali a gida, ko wanda ranar biki ta matso, wannan hidima ce ta gaske. Ƙari a kan haka, da yawansu sun iya zaɓen wuri, kuma sun fi mai ginin kansa iya tsara ɗakuna a ƙaramin fili.

Aibin kuwa guda ɗaya ne, amma babba. Ribar mai gina-sayarwa tana tsakanin abin da ido ke gani da abin da fenti ya rufe. Kuɗin yana tafiya ne a kan silin na fi-o-fi, fitilu masu launi, tayil mai sheƙi da ƙofar falo. Inda ake tsuke hannu shi ne harsashi, bulo, rodi, wayar wuta, bututun ruwa da katakon rufi. Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, akwai masu tsoron Allah da ke gini kamar su za su zauna a ciki. Amma tsarin sana'ar ne da kansa yake tura mutum zuwa can, saboda mai saye yana biyan abin da ya gani ne. Shi ya sa ciniki a nan ba iya baki ba ne. Wanda ya zo da hujja a hannu shi ke samun ragi, wanda ya zo da "a dai duba mana, Alhaji" yakan tashi da abin da aka ga dama.

Takarda kafin bango

Kafin ka ƙwanƙwasa bango ko ɗaya, tambayi takarda, domin ita ce ke yanke rabin farashi. Tambayar farko a Kano ita ce: awon gwamnati ne ko awon igiya? Awon gwamnati fili ne da hukuma ta yanka, yana da lambar fuloti da lambar shimfiɗar unguwa, an fitar da tituna da magudanan ruwa. Awon igiya kuwa gona ce aka yanka aka sayar, takardarsa yawanci ta cinikayya ce da sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu. Ba haramun ba ne sayen gida a awon igiya, rabin gari a kansa yake zaune. Amma bai kamata a sayar maka da shi a farashin awon gwamnati ba, ko da ginin iri ɗaya ne, domin banki ba zai karɓe shi jingina cikin sauƙi ba, titinsa kan zama lungu, kuma neman takardar mallaka daga baya aikinka ne da kuɗinka.

Idan an ce akwai takardar mallaka, wato si-of-o, kada ka tsaya a kan hoton da aka turo maka a WhatsApp. Karɓi kwafi, ka ba lauya ya je ya yi bincike a ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano. Abubuwa huɗu ake dubawa: sunan da ke kan fayil ya yi daidai da na mai sayarwa ko akwai sarƙar takardun da ta haɗa su, ba a jinginar da takardar a banki ba, babu ƙara a kotu ko takardar dakatarwa a fayil, sannan nawa ake bin filin na harajin ƙasa na shekara-shekara. Wannan bashin yakan taru shekaru ba wanda ya biya, kuma idan ba a cire shi daga farashi ba, kai za ka gaje shi. Sai kuma izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, da zanen da aka amince da shi. Ka gwada zanen da abin da ke ƙasa. Idan an ba da izinin gida ɗaya an gina biyu, ko an ci titi da katanga, matsalar ta zama taka ranar da ka karɓi mukulli. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a gine-ginen da gwamnati ta ce an yi su a filayen jama'a, ya isa ya nuna cewa kyan gini ba ya kare shi idan asalin filin yana da magana.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna, kuma mayar da mallaka daga wani zuwa wani yana buƙatar amincewarsa. Ma'ana, bayan ciniki akwai sauran kashe kuɗi: lauyan da zai rubuta takardar mayar da mallaka, kuɗin hatimi, kuɗin rajista, kuɗin neman amincewa. Ka sa lauya ya lissafa maka su tun kafin ka yi tayi, domin kuɗin gida ba shi ne abin da ka ba mai gida kaɗai ba.

Abu biyu kuma da ke yawan kawo rigima. Na ɗaya, filin gado: idan mai ginin ya saya daga magada, a nemi takardar rabon gado ta kotu da sa hannun kowane magaji, mata da maza. Na biyu, kamfanin rukunin gidaje da ke da takardar mallaka guda ɗaya ta dukan filin, ya ba ka wasiƙar cewa an ba ka gida mai lamba kaza. Wannan wasiƙa ba takardar mallaka ba ce. Tambayi yaushe za a fitar maka da taka, wa zai biya, kuma a rubuta amsar a cikin yarjejeniya. Ka kuma duba rajistar kamfanin a hukumar CAC, ka tabbatar sunan da ke kan babbar takardar shi ne sunan da ke kan asusun da za ka tura kuɗi.

Abin da fenti ya rufe

Nan ne za mu daɗe, domin nan ne ragi yake. Kada ka je duba gida kai kaɗai ko da dillali. Ɗauki injiniyan gini ko tsohon magini da ba shi da alaƙa da mai gidan, da mai wayarin, da mai gyaran famfo. Abin da za ka ba su na yini ɗaya bai kai kuɗin ƙofa guda ba. Ku tafi da tsani, tocila, ƙusa, sukundireba, bokiti da littafin rubutu.

Fara da ƙasar da gidan ke kai. Tambayi tsofaffin unguwa, ba dillali ba: me ke wurin nan da? Kano cike take da kududdufai da aka cike da shara da ɓaraguzai aka yi gini a kai. Irin wannan ƙasa tana ci gaba da lotsawa shekara da shekaru, gini yana binta. Alamarta tsagewar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, mai faɗi a sama ko a ƙasa, ko ƙofar da ta fara cijewa tun ba a shiga gidan ba. Siririyar tsaga kamar gashi a filasta ba komai ba ce, bushewa ce. Wadda tsabar kuɗi ke shiga cikinta, ko wadda ta fito ta ɗaya gefen bangon, wannan ba ta ragi ba ce, ta barin gidan ce sai dai idan injiniya ya ce akasin haka. Duba kuma tsayin daɓen gida a kan titi. Idan tsakar gida daidai take da titin da ba a yi wa kwalta ba, ranar da aka zuba ƙasa aka yi kwalbati titin zai fi gidan tudu, ruwan unguwa ya riƙa kwana a falonka.

Sai bulo. Ba za a bari ka fasa bango ba, amma akwai inda ba a shafe ba: bayan katanga ta gefen maƙwabci, cikin rufi, bakin sokawe, ko ragowar da aka jingine a lungu. Karce shi da ƙusa. Bulo mai kyau ƙusa za ta bar farin layi kawai. Idan yashi na zubowa kamar gari, an ja simintin. Buhu ɗaya mai kilo 50 bai kamata ya fitar da abin da ya wuce bulo talatin ko kusa da haka na inci 9 ba, amma akwai gidajen bulo da ke fitar da arba'in da biyar zuwa hamsin, kuma ba sa ba shi ruwa yadda ya kamata. Auna kaurin bango a bakin taga: bangon waje ya kamata ya zama inci 9, inci 6 na raba ɗakuna ne. Gidan da aka zagaye da inci 6 ya fi zafi a watan Afrilu, kuma ba a maganar ɗora bene a kansa. In an ce maka "an yi shi da niyyar bene", a nuna maka ginshiƙai da hotunan lokacin zuba harsashi. Mai ginin kirki yana da su a wayarsa, kuma da murna zai nuna.

Danshi shi ne ciwon da ya fi yawa a waɗannan gidaje. Dalilinsa rashin shimfiɗa leda da zuba kankare yadda ya kamata a matakin di-fi-si, wato shimfiɗar hana danshi da ake yi a saman harsashi, sai ruwan ƙasa ya riƙa hawa bango. Duba ƙasan bango daga daɓe zuwa gwiwa: fenti ya kumbura, ko farin gishiri ya fito, ko an zagaye bangon waje da tayil har ƙugu ba tare da dalilin ado ba. Wannan tayil sau da yawa rufa-rufa ce. Gyaran danshi bayan an gama gini yana da tsada kuma ba kasafai yake warkewa gaba ɗaya ba. Shi ya sa muke cewa watan Agusta ne lokacin duba gida a Kano. Gidan da aka gama a Nuwamba aka sa a kasuwa a Fabrairu bai taɓa ganin ruwan sama ba, babu wanda ya san halinsa, har mai shi.

Hau rufi. A nan ne masu saye suka fi yin kasala. Leƙa ta ƙofar silin da tocila: katakon an shafa masa maganin gara ko fari ne tas? Tazarar da ke tsakaninsu daidai take ko an buɗa don a rage adadi? Akwai hasken rana da ke shigowa ta ramin ƙusa? Kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.45 zuwa 0.55 shi ne na zama, abin da ya yi ƙasa da haka yatsa ma yana lotsa shi, iskar farkon damina kuma ba ta raga masa. Yawancin ginin 'yan kasuwa na yanzu rufin ɓoye ne, wanda aka sa a bayan bango don gidan ya yi siffar akwati. Yana da kyan gani kuma yana rage kwano, amma duk ruwan yana taruwa ne a kwatar kankare kafin ya bi bututu. Idan kwatar ba ta da gangara, ko bututun ƙanana ne, ko ba a sa mata abin hana yoyo ba, ganye da leda suna toshe ta, ruwa ya koma cikin silin. Zuba bokiti uku a kwatar ka tsaya ka ga inda ruwan ya bi.

Wuta. A kwance soket biyu ko uku, a duba wayar. A lambar kaurin waya, ta fitila 1.5 ce, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki da hita 4, ta kukar lantarki 6. Abin da ake yawan samu shi ne an bi gidan duka da 1.5, ko an sa wayar da aka yi wa rufin jan ƙarfe alhali cikinta ba shi ba ne. A kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana an gane. Irin wannan waya tana zafi idan an ɗora mata kaya, kuma ita ce asalin gobara da yawa da ake cewa "wuta ce aka kawo da ƙarfi". A buɗe akwatin rarraba wuta a ga ko kowane sashe yana da abin katsewarsa, a nemi inda aka binne ƙarfen as, wato wanda ke sauke wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa. Sauya wayarin gida bayan an yi silin da fenti aiki ne na fasa da gyara, don haka kuɗinsa ya shiga lissafin ragi kai tsaye. Tambayi mita: akwai, ko za ka nema a KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki? In akwai, da sunan wa, kuma akwai bashi a kanta?

Ruwa. A cika tanki, a buɗe kowane famfo, a ja kowane masai, a zuba bokiti a kowane banɗaki a ga ko ruwan ya nufi magudana ko ya nufi ƙofa. A rufe duka, a yi alama a tanki, a dawo washegari. In ya sauka, akwai yoyo a cikin bango ko ƙarƙashin tayil. Bi tayil da mukulli kana ƙwanƙwasawa: wanda ya yi ƙarar ganga babu siminti a ƙarƙashinsa, zai fashe. Buɗe murfin sokawe ka ga zurfinsa da ko an gina cikinsa. Sannan ka auna tazararsa da rijiya ko burtsatse. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce aƙalla mita 15, wasu ma sun ce 30. A fili mai ƙafa hamsin-hamsin, wanda kowane gefensa kusan mita 15 ne kawai, wannan tazara da wuya ta samu, kuma sokawen maƙwabci ma yana nan. Idan haka ne, ruwan na wanki ne da wanka, na sha sai an gwada shi.

Duk abin da aka gani a rubuta, kowanne da kuɗin gyaransa daga bakin mai sana'ar. Wannan takarda ita ce tayinka.

Zaman ciniki

Kafin ka zauna, ka san kuɗin gidan da kanka. Lissafin ba shi da wuya: farashin fili irinsa a layin a yau, a tambayi dillalai uku da ba su san juna ba, kuɗin ginin, wanda mai ƙididdigar kayan gini zai iya kimantawa cikin yini ɗaya, tunda sanannen abu ne cewa murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo goma, katan ɗin tayil mai santimita sittin-sittin yana rufe mita 1.44, sannan riba mai ma'ana, domin mutumin ya zuba jarinsa watanni kuma haƙƙinsa ne ya ci. Abin da ya hau kan wannan shi ne filin ciniki. Ka nemi abin da aka sayar da gidajen kusa, ba abin da aka sa musu ba. Tsakanin kuɗin da ake faɗa da wanda ake sallamawa akwai rata, kuma maƙwabta da masu gadi sun fi kowa sani.

Matsalar farko dillalai ne. Ba a raina su, su ne suka san inda kaya yake, kuma la'adarsu halal ce. Amma gida ɗaya yakan bi ta hannun mutum biyar kafin ya iso gare ka, wani lokaci kowa ya ɗora nasa a kan farashin. Sharaɗinka shi ne ba za ka yi tayi ba sai gaban mai gida, ko wakilinsa mai takardar wakilci. A kuma yanke maganar la'ada tun kafin a fara: kashi nawa, wa zai biya, su nawa za su raba. Abin da aka saba ji shi ne kashi 5 cikin ɗari, amma a babban ciniki ana sasantawa. A gidan miliyan 40, kashi 5 miliyan 2 ne. Ba kuɗin da za a bari sai an gama a fara jayayya a kansa ba ne.

Mai gida zai so ka fara tayawa. Yi ƙoƙari ya fara sa suna. A ce ya ce miliyan 40, lissafinka ya nuna 35, gyare-gyaren da aka rubuta sun kai miliyan 2 da rabi. Kada ka taya 20 don a ce ka iya ciniki, za a ce maka albarka a tashi, kuma ka zubar da mutuncin zaman. Taya kusa da 30, ka ajiye takardar gyara a gabansa, ka bi ta ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Kada ka kushe gidan. Mutum ne da ya sha rana a kansa, kuma wanda aka ci wa fuska yakan ƙi sayarwa ko da zai yi asara. "Alhaji, gida ya yi kyau, wuri ma ya yi. Ga abin da masu aiki suka gani, ga abin da zai ci. Ko a gyara kafin mu karɓa, ko a cire mu gyara." A cikin biyun, zaɓi a cire. Gyaran da mai sayarwa zai yi na a wuce wurin ne.

In za ka ƙara, ƙarin farko ya fi na biyu, na biyu ya fi na uku: miliyan ɗaya da rabi, sannan dubu ɗari bakwai, sannan dubu ɗari uku. Da haka yake gane ka kusa ƙurewa. Kada ka ƙara sau biyu a jere ba tare da shi ya sauko ba. Kada ka kai uwargida ganin gida kafin a daidaita, ko in ta je, a yi shawara a mota, domin da zarar dillali ya ji ana rabon ɗakuna, ragi ya ƙare. Za a ce maka wani ya taya fiye da haka, gobe zai kawo kuɗi. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci tayin ƙarya ne don a zuga ka, abin da shari'a ta hana da sunan najashu. Amsa ɗaya ce ta wadatar a duka biyun: in ya kawo a ba shi, Allah ya sa albarka, in bai kawo ba ga lambata. Haka nan kai ma, in ka tarar an riga an daidaita da wani, kada ka shiga cinikinsa.

Ƙarfinka mafi girma shi ne lokaci. Jarin mai gina-sayarwa a kwance yake cikin gidan, kuma kowane wata da ya wuce siminti da rodi suna gudu suna barinsa. Gidan da ya yi wata shida a kasuwa, ko wanda mai shi ya riga ya fara haƙa harsashi a wani fili, ko ya zo daidai lokacin biyan kuɗin kujerar Hajji, ya fi saukowa. Cewa "kuɗin a shirye yake, in lauya ya gama bincike ranar Alhamis za ka ji shigarsa" ta fi duk wani roƙo tasiri. Mai biya ta banki ba shi da wannan ƙarfin, ko ta asusun gidaje na ƙasa ne, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke bayarwa da ruwa kashi 6, ko ta murabaha (banki ya saya ya sayar maka da riba) da ijara (banki ya saya ya ba ka haya) a bankuna irin su Jaiz da TAJ ga masu guje wa ruwa. Takardu suna ɗaukar makonni ko watanni. Amma yana da wani makamin: bankin zai turo mai kimanta gida, kuma in ƙimar ta fito ƙasa da farashin, hujja ce da ba daga bakinka ta fito ba.

Kamfanin rukunin gidaje ciniki daban ne. Da wuya ya rage farashin da ya buga, saboda in ya rage maka, waɗanda suka saya jiya za su taso, na gobe ma za su nema. To kada ka ɓata ƙarfinka a nan. Nemi abin da ba ya fitowa a allo: su ɗauki kuɗin fitar da takardar mallaka, su yafe kuɗin hidimar unguwa na shekara ɗaya ko biyu, su sa mita da tanki, su ba ka gidan da ke kan kusurwar layi mai ragowar fili, su sauya ƙofofi ko wayar wuta. Tambayi duk wasu kuɗaɗe da ke biyo baya, na taransifoma, na titi, na tsaro, a rubuta su da adadi. Sau da yawa ma ya fi riba ka sayi kango, wato an yi gini da rufi ba a ƙarasa ba, ka yi wayarin da famfo da tayil da kanka. Farashin ya fi sauƙi, kuma kana ganin bulon da idonka.

Biyan kuɗi tun gida yana kan takarda kuwa cinikin biri a sama ne, sai da sharuɗɗa masu tsauri. Ragin yana da yawa, haɗarin ma haka. Ka je ka ga rukunin da kamfanin ya taɓa gamawa, ka yi magana da mazauna ciki ba tare da ma'aikacinsu ba. Biya ya bi matakin aiki: harsashi, linta, rufi, ƙarasawa, ba kalanda ba. A rubuta cewa farashi tsayayye ne, domin sakin layin da ya ba su damar ƙari "in kaya sun tashi" yana cinye duk ragin da aka yi maka. A rubuta ranar miƙa mukulli, da abin da zai faru in sun saɓa, da yadda za a dawo maka da kuɗinka kuma cikin kwana nawa. A lissafa kayan da za a sa da sunansu da kaurinsu, kada a bar shi a "mai inganci".

Bayan an ce an sallama

Kafin alƙalami kada ya yi yawa, kuma a rubuta cewa za a dawo da shi cikakke in binciken takarda ya nuna matsala. Sauran kuɗin ya bi ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, ba na dillali ba, ba na ƙanin mai gida ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan abin da ya wuce naira miliyan 5 da tsabar kuɗi, kamfani kuma miliyan 10. Ranar biya, asalin takardu su zo hannunka a zama ɗaya, da shaidu daga ɓangarorin biyu.

Sharaɗi na ƙarshe da muke ba da shawara a kafe a kai, ko da za a sassauta a farashi, shi ne riƙe wani kaso. A kwangilar gini an saba riƙe kashi 5 na tsawon wata shida don gyaran abin da ya ɓullo, kuma babu dalilin da zai hana a yi haka a sabon gida. A ajiye kuɗin wurin lauya ko wani dattijo da kowa ya yarda da shi, a rubuta cewa za a saki bayan damina ɗaya ta wuce, a kuma fayyace abin da ya ƙunsa: yoyon rufi, danshi, tsagewa, bututu da waya. Fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓi in ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa, amma tabbatar da hakan a kotu bayan kuɗi ya zama wani ginin tafiya ce mai nisa. Mai ginin da ya san aikinsa yakan yarda da wannan sharaɗi bayan ɗan ja-in-ja, wani ma ya rage shi zuwa kashi 3. Wanda ya ƙi sam, ya kuma hana a hau rufi ko a kwance soket, sai ka koma ga takardar gyaranka ka ninka abin da ka ware wa rufi da waya kafin ka sake tayi.

Ranar karɓar gida, a ɗauki hoton lambar mita da abin da ke cikinta, a karɓi zanen gini da na hanyar waya da bututu in akwai, da ragowar tayil da lambar fentin da aka yi amfani da shi, da lambar mai wayarin da mai famfon da suka yi aikin. A sauya kwaɗon get da na ƙofofin waje a ranar, domin mukullan sun kwana a aljihun dillalai da leburori da yawa. Sannan lauya ya fara bin amincewar gwamna da rajista a makon, tun mai sayarwa yana kusa kuma yana ɗaga waya.